Cocidius da Barikin Bewcastle: Abin Bautar da Sojan Rum Suka Ɗauka Aiki

A shekarar 1937 masu haƙar kufai, ƙarƙashin jagorancin Ian Richmond, suka tone hedikwatar wani tsohon barikin sojan Rum a Bewcastle, wani ƙauye a can ƙuryar arewacin Ingila, dab da iyakar Scotland ta yau. Kowane barikin Rum yana da ɗaki guda a tsakiyar hedikwata inda ake jingine tutocin bataliya da surar sarki. A ƙarƙashinsa kuma akan haƙa ɗan ɗakin ƙasa a adana albashin soja. Cikin ɓaraguzan da suka cike wannan ɗakin ƙasa ne aka tsinci falle biyu na azurfa, sirara, kowanne bai wuce tafin hannu ba. An bubbugo surar mutum a jikinsu: gajere, kakkaura, mashi a hannun dama, garkuwa a hagu. Maƙerin da ya yi su ba gwani ba ne, ko kuma dai ba irin gwanintar Rum ya koya ba. A ƙasan surar an rubuta da Latin sunan wanda aka yi wa kyautar, Cocidius, wanda ake furtawa Kokidiyus.

Sunan na Keltawa ne, mutanen da Romawa suka tarar a tsibirin sa'ad da sarki Claudius ya turo rundunoninsa a shekara ta 43 miladiyya. Duwatsu da ƙarafan da suka ambace shi sun haura ashirin, dukkansu a arewacin Ingila, mafi yawansu kuma a yankin yammacin Ganuwar Hadrian. Wato abin bautar 'yan ƙasa ne, na yaƙi kuwa, a daidai wurin da Rum ta fi kwana da ido ɗaya saboda 'yan ƙasa. To me ya kai shi ɗaki mafi alfarma a barikin masu mamaya?

Barikin da bai zauna inda ya kamata ba

Sarki Hadrian ya zo Birtaniya a 122, ya sa aka ja ganuwa daga teku zuwa teku, daga Wallsend a gabas zuwa Bowness a bakin Solway, tsawon kilomita 117 ko sama da haka kaɗan. Gabashinta da dutse aka fara shi, yammacin kogin Irthing kuwa da ƙasa mai ciyawa da aka yayyanka kamar tubali, daga baya aka mayar da shi dutse. A kowane mil na Rum akwai ƙaramin sansani mai ƙofa, a tsakaninsu hasumiyoyi biyu. Amma ikon Rum bai tsaya a jikin ganuwar ba. A yamma an tura barikoki uku gaba, cikin ƙasar da ke waje: Birrens, Netherby da Bewcastle.

Na ukun nan shi ne mai ban mamaki. Injiniyoyin sojan Rum mutane ne masu son abu ɗaya a ko'ina: bariki kusurwa huɗu, tituna a miƙe, hedikwata a tsakiya, ta yadda sojan da aka ɗauko daga Siriya zai iya samun rumbun hatsi cikin duhu a Birtaniya. Bewcastle kuwa kusurwa shida ne, karkatattu, don an bi bakin wani ɗan tudu ne aka kewaye shi gaba ɗaya, fili mai faɗin kusan eka shida a saman rafin Kirk Beck. Tuddan da suka fi shi tsayi suna leƙensa. Daga cikinsa ba a hango ganuwa, ga ta kilomita goma kacal a kudu, sai da aka kafa hasumiyoyin sigina a tsakani domin ya iya kiran agaji daga barikin Birdoswald. Babu wata babbar hanyar mayaƙa da ya tare. Hafsan da ya zaɓi wurin nan saboda tsaro kaɗai, da ya sha tambaya.

Ruwa ba ya tsami banza. Wajen shekara ta 700, wani malami da ba a san sunansa ba a birnin Ravenna na Italiya ya tattara sunayen wurare kusan dubu biyar daga tsofaffin taswirori. A sashen arewacin Birtaniya akwai wani suna da masu kwafi suka ɗan dagula, amma ana iya warware shi: Fanum Cocidi, wurin bautar Cocidius. An daɗe ana zaton Bewcastle shi ne Banna. Sai aka koma ga wani bagade da aka samu a Birdoswald, wanda wata ƙungiya da ta kira kanta mafarautan Banna ta kafa, aka gane Banna can ne. Da Bewcastle ya rasa wancan suna, sai ya zama babu wanda ya fi dacewa da shi sai Fanum Cocidi, tunda a nan ne kayan Cocidius suka fi taruwa wuri guda. Har yau ba a tono harsashin ginin bautar kansa ba, kuma ba lalle ne gini ne ba tun farko. Keltawa sukan yi bauta a kurmi, ko a bakin maɓuɓɓuga, ko a fili da aka kewaye.

In haka ne, dalilin barikin ya fito. Wurin bauta wurin taro ne, a nan ake rantsuwa, a nan ake sasanta jini, a nan ake cin kasuwa, a nan kuma ake ƙulla yaƙi. Romawa sun san haka sarai. Masanin tarihi Cassius Dio ya ba da labarin sharuɗɗan da sarki Commodus ya gindaya wa ƙabilar Marcomanni a bakin kogin Danube a 180: ba su da izinin taro sai sau ɗaya a wata, a wuri ɗaya, kuma da hafsan Rum a tsaye yana kallo. Ba mu da takarda irin wannan game da Bewcastle, amma tunanin ɗaya ne, kuma ni a ganina shi ya fi bayyana kusurwoyin nan shida. Wanda ya riƙe wurin da mutane suke haɗuwa da ubangijin yaƙinsu, ya riƙe ƙofar da tawaye zai fito ta ciki.

Masu kafa duwatsun

Nan ne lamarin ya fi armashi, don duwatsun suna ɗauke da sunaye da muƙamai, muƙaman kuwa suna magana.

A Bewcastle akwai bagaden Quintus Peltrasius Maximus. Ya rubuta cewa shi kwamandan bataliya ne, kuma a da shi ne babban magatakardan shugabannin dogaran sarki a birnin Rum. A tsaya a auna wannan. Shugabannin dogaran nan, a ƙarni na 3, su ne na biyu bayan sarki, wani lokaci ma su ke naɗa shi su kuma sauke shi. Mutumin da ya riƙe musu ofis ya ga takardun da suka girgiza daula. Ladan aikinsa shi ne bataliya tasa ta kansa, aka kuma jefo shi wani tudu mai ruwan sama da hazo a bayan ganuwa. Da ya iso, bai tsaya ga Jupiter, babban abin bautar Rum da ya sani tun yana yaro ba, sai da ya sa aka sassaƙa dutse ga Cocidius, har ya kira shi mai tsarki.

Ba shi kaɗai ba. Aurunceius Felicissimus, shi ma kwamanda a Bewcastle, tsohon dogarin sarki ne da ya cika shekarunsa goma sha shida aka riƙe shi saboda ƙwarewa. Paternius Maternus, wanda aka samu dutsensa a Netherby, ta wannan hanya ya biyo, ya ma ƙara da cewa a fada ya yi aiki. Ga Annius Victor, hafsa daga ɗaya daga cikin manyan rundunoni. Muƙamin da su Peltrasius suka riƙe akan ba shi ne ga mai jagorantar bataliya babba, wadda a takarda ta kai mutum dubu, don haka ba ƙaramin sansani ake magana ba.

A sauka kudu zuwa jikin ganuwar. A Birdoswald bataliyar Dacia ce take zaune, wadda asalinta daga Romaniya ta yau ne, ƙasar da sarki Trajan ya ci a 106, kuma sunan Cocidius ya fito a can. A Housesteads, Quintus Florius Maternus, kwamandan bataliyar Tungri, wadda aka fara ɗiba daga yankin Beljiyam ta yau, ya kafa nasa. Kusa da barikin Vindolanda ga na Decimus Caerellius Victor, kwamandan wata bataliyar ƙabilar Nervii. Can kudu a Lancaster, Vibenius Lucius, sojan da ofishin gwamna ya aro ya ajiye a kan hanya yana sa ido a kan masu wucewa, shi ma ya yi. Sai kuma rukunin duwatsun da aka samu a ƙananan sansanonin yammacin ganuwar, waɗanda babu sunan mutum a kansu sai na runduna: sojojin ta biyu, sojojin ta shida, sojojin ta ashirin. Rundunoni ukun da ke Birtaniya ke nan kaf, masu hedikwata a Caerleon, York da Chester. Da alama 'yan aikin gini ko gyara ne da aka turo na ɗan lokaci, suka haɗa kuɗi suka sayi dutse.

A duk jerin nan a nemi manomi ko makiyayi ɗan ƙasa, da wuya a nuna shi. Ɗaya daga fallen azurfar yana ɗauke da sunan da ake karantawa Aventinus, ba muƙami, mai yiwuwa ƙaramin soja ne. Sauran kusan duk masu kaki ne, da yawansu manya.

Dutse ɗaya daga Housesteads ya fi kowane faɗin abin da ke ransu. Sojojin runduna ta biyu da aka kawo gadi suka keɓe shi ga uku a jere: Jupiter mafi girma, da Cocidius, da iskan wannan wuri. Na farko shi ne na gwamnati. Na ukun shi ne duk wanda ke zaune a ƙasar, ko an san sunansa ko ba a sani ba. Cocidius ya shiga tsakiya, mai ƙasa da aka san sunansa. Kamar dai ma'aikacin da aka yi wa canji zuwa garin da bai sani ba ne: takardarsa daga sama ta zo, amma in yana da hankali zai je ya gaida mai unguwa kafin ya kwance kaya.

Yadda cinikin yake

Ya kamata a fahimci abin da dutsen yake nufi a wurin mai shi, don kada a ɗora masa irin imanin da bai ɗauka ba. Kusan duk bagadan nan suna ƙarewa da haruffa huɗu, V S L M, taƙaicen jimlar da ke cewa mai dutsen ya cika bakancensa da yardar rai ga wanda ya cancanta. Tsarin a bayyane yake. Soja zai fita sintiri arewa, ko yana jiran ƙarin girma, ko zazzaɓi ya kama shi, sai ya ce: in ka yi mini kaza, zan kafa maka dutse in yanka maka dabba. In buƙata ta biya, ya cika. In ba ta biya ba, babu bashi. Dutsen rasit ne, shi ya sa ake rubuta suna da muƙami ɓaro-ɓaro, kowa ya shaida an biya. A samansa akwai ɗan gurbi inda ake ƙona turare ko a zuba ruwan inabi.

Wannan kuwa daban yake da bautar da doka ta ɗora wa bataliya. An samu kalandar bukukuwan soja a Dura-Europos, a bakin kogin Furat a Siriya, ta wajen 225 zuwa 227, mallakar wata bataliyar mutanen Palmyra, wani birni a Siriya. Abin da ke cikinta: ranakun haihuwar sarakuna, da matattunsu da aka mayar abin bauta, da Jupiter, Juno, Minerva, Mars, da bikin tutoci. Ko ɗaya daga cikin gumakan Palmyra bai samu shiga ba. Masana sun karkata ga cewa irin wannan kalanda ce a duk daular. Ke nan Cocidius ba ya cikin jerin gwamnati. Soja yana gama faretin Jupiter, abin da ya yi da kuɗinsa da ransa nasa ne.

Shi ya sa wurin da aka tsinci azurfar yake da nauyi. Ko dai an rataye ta a ɗakin tutoci ta rufto ƙasa da ginin ya lalace, ko kuma an kai ta ɗakin ƙasa ajiya don tana da daraja. Kowanne aka ɗauka, kayan Cocidius sun kwana a hannun mai riƙe da makullin baitulmalin bataliya.

Mars a yamma, Silvanus a gabas

Romawa ba sa ganin baƙon abin bauta su ce ƙarya ne. Abin da suke tambaya shi ne: wanne ne wannan cikin namu? Julius Caesar, da yake bayanin mutanen Gaul, wato Faransa ta yau, bai ko wahalar da kansa da sunayensu na gida ba. Ya ce suna bauta wa Mercury, Apollo, Mars, Jupiter da Minerva, ya ƙara da cewa kafin yaƙi sukan yi wa Mars alkawarin ganima, in sun ci nasara su tara ta tsibi-tsibi a wurare masu tsarki, wanda ya taɓa kuwa kisa ne da azaba. Haka aka yi ta liƙa wa Mars, ubangijin yaƙin Rum, sunayen Keltawa barkatai: Camulos, Toutatis, Lenus a yankin Trier, Caturix a ƙasar Suwizalan ta yau.

Cocidius bai shiga aljihu ɗaya ba. A yamma, kamar a dutsen Lancaster, Mars Cocidius ne. A gabas kuwa, a Housesteads, Florius Maternus ya haɗa shi da Silvanus, ubangijin daji da farauta. A Risingham, wani barikin da ke gaban ganuwa ta gabas, an sassaƙa shi a matsayin maharbi, ga kare ga barewa, ga itatuwa. A Ebchester wani mutum mai suna Virilis, wanda ya bayyana kansa Bajamushe, ya haɗa shi da wani suna na Keltawa, Vernostonus, wanda daga wannan dutsen ba a sake jin ɗuriyarsa ba.

Wasu na karanta wannan a matsayin ruɗewar baƙi. Ni ina ganin shaida ce cewa abin da suka tarar ya fi ma'auninsu faɗi. A al'ummar da arzikinta shanu ne da daji, mai mashi ɗaya ne ke korar ɓarayin shanu, shi ke kashe gyadon daji, shi ke tsare iyakar dangi. Raba yaƙi da farauta gida biyu, kowanne da ubangijinsa, tsarin mutanen birni ne. Hafsan da ya ga mashi da garkuwa ya ce Mars. Wanda ya fita farauta ranar hutu, kuma hafsoshin ganuwa mayun farauta ne, ya ce Silvanus. Kowa ya yanki gefen da ya shafe shi. Shi kansa Mars ɗin a ƙasashen Keltawa sau da yawa mai tsaron gari ne da warkarwa, kamar Lenus na Trier da marasa lafiya ke zuwa wurinsa, don haka kiran Cocidius ubangijin yaƙi kawai ma rage shi ne.

Haƙuri ko dabara

An saba yabon Rum da cewa ba ta hana kowa addininsa. Mutanen tsibirin Mona, wato Anglesey a Wales, da sun ji wannan yabo da sun yi dariya mai ɗaci. A shekara ta 60 ko 61 gwamna Suetonius Paulinus ya ƙetara da soja, ya karkashe waɗanda ya tarar, ya sassare kurmin bautarsu, kamar yadda masanin tarihi Tacitus ya rubuta. Can ne cibiyar Druid, malaman Keltawa masu riƙe da shari'a da ilimi da hadaya, waɗanda maganarsu ke ratsa ƙabila da ƙabila. Tun kafin nan Claudius ya haramta tsarinsu a Gaul. Dalilin da aka bayar shi ne yanka mutane. Dalilin da ba a faɗa da ƙarfi ba shi ne su kaɗai ke iya haɗa kan masu gaba da juna.

Sai a lura da abin da aka kashe da abin da aka bari. Malamai aka kashe, abin bauta aka bari. Abin bautar da ba shi da masu magana da yawunsa, duk wanda ya kafa masa dutse shi zai faɗi ko shi wane ne. Kuma wannan tsohuwar sana'a ce a Rum. Masanin tarihi Livy ya ba da labarin yadda janar ɗin Rum Camillus, da ya kewaye birnin Veii a 396 kafin miladiyya, ya roƙi Juno mai tsaron birnin ta bar mutanenta ta koma Rum, ya yi mata alkawarin ɗaki mafi kyau. Birnin ya faɗi, aka ɗauke gunkinta aka gina mata gida a tudun Aventine. A tunaninsu abin bautar maƙiyi ba a zaginsa, zawarcinsa ake yi.

Ba wanda ya rubuta cewa an yi wa Cocidius irin wannan kira a hukumance, kuma ba na cewa an yi. Amma sakamakon bai bambanta ba. Saurayin da ke arewacin ganuwa, in ya so ya nemi nasara a kan Rum daga ubangijin kakanninsa, zai tarar wurin yana cikin ganuwar bariki ko a gindinta, kuma manyan duwatsun da ke tsaye a wurin sunayen kwamandojin Rum ne a jiki, suna godiya an biya musu buƙata.

A gwada shi da maƙwabcinsa Belatucadrus, wanda aka fi samu a Brougham da kewayen Carlisle, ƙasar ƙabilar Carvetii. Shi ma wani lokaci akan haɗa shi da Mars. Amma bagadansa ƙanana ne, sassaƙar gaggawa, masu kafawa yawanci suna ɗaya gare su ba muƙami, sunan nasa ma kowa da yadda yake rubuta shi, alamar a baki yake yawo ba a takarda ba. Yanki ɗaya, zamani ɗaya, aiki kusan ɗaya, amma ɗaya ya zauna da talakawa, ɗaya ya shiga ɗakin hafsoshi. Bambancin da na iya gani shi ne Cocidius yana da sanannen wuri da ya cancanci a girke masa bataliya.

Akwai kuma surar Yardhope, a tsaunukan Northumberland, cikin filin atisayen sojan Birtaniya na Otterburn. An gano ta a 1980: mutum tsirara da mashi da garkuwa, an sassaƙa shi a jikin dutse a bakin wani ɗan kogo da aka gyara. Ba rubutu ko harafi ɗaya. An ce Cocidius ne don ya yi kama da na azurfar Bewcastle. Wataƙila shi ne. In ma haka bautar 'yan ƙasa take, ba suna ba rasit, to ba mamaki da muryarsu ta ɓace mana, ta hafsoshi ta rage.

Inda hujjar take da rauni

Akwai ƙalubale mai ƙarfi ga duk abin da na faɗa, kuma bai kamata a tsallake shi ba. Yawancin duwatsun nan na ƙarni na 3 ne, shekara ɗari ko fiye bayan gina ganuwar. Zuwa lokacin, bataliyar Dacia suna kawai ta rage na Dacia. Sojan irin wannan bataliya yana yin shekara ashirin da biyar, ya yi iyali a unguwar da ke bakin bariki, ɗansa ya shiga gurbinsa. Uwar yaron kuwa sau da yawa 'yar ƙasa ce. Sarki Septimius Severus, wanda ya mutu a York a 211, ya halatta wa soja zama da matansu, ɗansa Caracalla kuma a 212 ya ba kusan duk 'yantattun mazauna daular zama 'yan Rum. Daga nan layin da ke tsakanin mai mamaya da ɗan ƙasa ya dushe. Sunan Latin a kan dutse ba ya tabbatar da cewa mai shi baƙo ne. Zai yiwu ƙananan soja ne suka shigo da Cocidius bariki daga ɗakin iyayensu mata, kwamandan da ya zo daga Rum kuma ya ga abin da mutanensa dubu suke girmamawa ya bi, don a zauna lafiya.

Na yarda da rabin wannan. Yana bayyana yadda bautar ta daɗe, da yadda ta yaɗu har Lancaster. Amma ba ya bayyana barikin kansa, wanda aka kafa tun zamanin Hadrian, kafin a yi wannan cakuɗuwa. Abin da ya fi kama da gaskiya shi ne abu biyu ne a jere: an fara da riƙe wuri, jikoki suka mayar da shi gado.

Wani dutse daga ƙaramin sansanin Bankshead, yamma da Birdoswald, ya nuna yadda gadon ya kafu. Sojojin runduna ta ashirin ne suka kafa shi, suka sa masa kwanan wata da sunayen manyan jami'an shekara, Aper da Rufinus. Waɗannan ba na birnin Rum ba ne. Na gwamnatin Postumus ne, hafsan da ya ɓalle da Gaul da Birtaniya da Sifaniya a 260, daular da ta rayu har sarki Aurelian ya dawo da ita a 274. Sarki ya canja, hedikwatar daula ta canja, masu gyaran ganuwa ba su fasa biyan Cocidius hakkinsa ba.

Ƙarshen zama

Abin da ya rayu da albashin soja, da albashin yake tafiya. Masu haƙar farko sun ɗauka an bar Bewcastle ne bayan babban harin da ƙabilun waje suka kawo wa Birtaniya a 367, lokacin da, a ruwayar masanin tarihi Ammianus Marcellinus, aka kama 'yan leƙen asirin iyaka suna sayar wa maƙiya labari aka rushe ƙungiyarsu. Haƙar da aka yi daga baya, bisa kuɗaɗen da aka samu a wurin, ta karkata ga farkon ƙarni na 4. A wannan ƙarnin ne dai al'adar kafa bagade mai rubutu ta mutu a duk ganuwar, sarakuna suka karɓi Kiristanci, Theodosius kuma ya haramta hadaya a 391 da 392. Wajen 410 Rum ta saki Birtaniya.

Cocidius bai bar tatsuniya da sunansa ba, bai bar waƙa ba, babu wani gari da ke amsa sunansa yau. Bagadansa da yawa an same su ne a jikin bangon gonaki da harsashin gidaje, inda magina suka mayar da su tubali. Tudun kuwa bai rasa masu zuwa ba. A ƙarshen ƙarni na 7 ko farkon na 8, Kiristocin masarautar Northumbria suka kafa doguwar gicciyen dutse a cikin kewayen barikin, wadda jikinta mai tsayin sama da mita huɗu yake tsaye har yanzu a harabar cocin Cuthbert. Daga baya aka gina ƙaramar fadar yaƙi a kusurwar arewa maso gabas da duwatsun Romawa. Cocin da maƙabartarsa da gidan gona sun danne wani sashe na filin, shi ya sa ba a iya tone shi duka ba. Fallen azurfar biyu suna gidan tarihi na Tullie House a Carlisle.